Muryar Bayan Kamara

Ranar da Ramla ta fara shiga shagon Jabir a bakin kasuwar Talata Mafara, ko kallon arziki ba ta yi masa ba. Bayan gajeriyar gaisuwa, ta ajiye wata tsohuwar kamarar hoto a kan tebur.

"Ta babana ce. Akwai guntattakin bidiyo a ciki, ina so a haɗa mini su."

Mahaifinta mai hoto ne. Bara 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar Maradun, yana dawowa daga wani biki.

Jabir ya zuba su a kwamfuta. Duk a karkace suke, don marigayin ya saba juya kamara kamar zai ɗauki hoton tsaye. Jabir ya miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, ya yanke inda hannu ya yi rawa. Fuskar marigayin ba ta fito ko'ina ba, sai muryarsa daga bayan kamara: "Ramla, daina rufe fuska mana."

Ta fashe da kuka.

Aikin yini guda sai da ya ja shi mako biyu, wai sauti bai daidaita ba. Ƙarya yake yi, so ne ya kama shi. Ita ma ta gane, ba ta dai tona shi ba.

Ya rubuta mata: "Sanyin idona, aiki ya ƙare, amma ni ban gaji da ganinki ba."

Ta amsa: "To ka zo gida ka faɗa wa Inna haka."

Da ya je, Inna Hindatu, mahaifiyar Ramla, ta kalli bidiyon har ƙarshe, ta share hawaye, sannan ta dube shi.

"Kai ma ƙauye-ƙauye kake bi kana ɗaukar biki?"

"Eh, Inna."

"To ba ni ba ka ɗiyata. Hanya ta ci mini miji, ba za ta ci mata nata ba."

Abin ya yi wa Jabir ciwo, don ɗaukar biki shi ne ƙarfin sana'arsa. Ramla ta daina ɗaga waya, ta rame. Da ya ga zai rasa ta, ya je ya durƙusa gaban Inna, ya yi alkawarin zama a shago yana gyaran abin da wasu suka ɗauko, ta amince. Wani aikin biki da ya riga ya karɓa a wani ƙauye bayan Bakura, ya bar wa amininsa Malami.

Malami bai dawo ba. An tare motarsu, aka shige da su daji.

Aka ɗaura aure ba kiɗa ba guɗa. Ango ya kasa cin komai, wurin babban aboki kuma babu wanda ya yarda ya zauna.

Da za a kai amarya, Inna ta riƙe hannun Jabir gam.

"Na roƙi Allah Ya tsare ka, ban roƙa abin ya faɗa kan ɗan wani ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya dawo da Malami ga uwarsa."

Ramla ta ce amin daga cikin mayafi. Jabir ya buɗe baki, kuka ya riga amin ɗin fita.