Sunan da Aka Cire a Rediyo

"Ko ki cire sunansa, ko mu cire naki."

Ladi ce ta faɗa, tana wani gyara ɗaurin ɗankwali, idonta cikin na Barira.

Kulob ɗin masu sauraron rediyo na unguwar Madaki ke nan, a shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kowane ɗan birni ya rataya rediyo a kafaɗa. Aikinsu aika gaisuwa gidan rediyo, dokarsu kuma ɗaya ce: shugaban da ya daina zuwa taro, a daina jin sunansa a iska. Barira ce sakatariya, ita ke tsara gaisuwar, a zauren babanta ma ake zama. Gombe kaf an saba jin "Barira Inuwa da Bappayo na Gabukka" a numfashi ɗaya, har matan kasuwa na tsokanarta da amarya.

To ga Bappayo, mataimakin shugaba guda, ya ɗauke ƙafa tun farkon damina.

Ba ciwo, ba tafiya. In ya hango ta a hanya sai ya sunkuyar da kai ya sauya lungu.

Ladi ta ce doka ta ci wasu a baya, ba a kan masoyi za ta rasa haƙora ba. Sauran suka gyaɗa kai. Ga fushi ga kewa, ga baki ya yi mata yawa, Barira ta cire.

Ranar Juma'a sunanta ya fito shi kaɗai.

Washegari ta iske Bappayo tsaye a bakin famfo, can nesa da ƙofar gidansu, ya rame.

"Masoyiyata... da bakinki kika faɗa mini, da ya fi sauƙi."

Ta ce shi da ya guje ta, da wane ido yake mata ƙorafi?

Sai a nan ta ji abin da kowa ya ɓoye mata. Tun farkon damina baffanninsa suka kawo goron neman aurenta. Bafulatani kuwa ba ya zama a zauren wanda yake fatan ya zama surukinsa, balle ya yi dariya a ciki, ko ya tsaya da yarinyar a idon jama'a. Kunya ce ta kore shi, ba ƙi ba. Babanta, da ba ya son haɗa zuri'a da masu bin shanu, ya ce musu sai an ji ta bakin yarinya, ya kuma ja bakinsa ya yi gum.

"Jiya duk rugarmu an kewaye rediyo. Baffa ya ce, to, ga amsa ta iso."

"Wallahi ban sani ba, Bappayo..."

"Ladi ta sani. Ita na aika ta gaya miki."

Ta faɗa gida da kuka. Baba bai ko ɗago daga tabarma ba. Ya ce shi bai hana kowa ba, ita ta yi shela da kanta, Arewa duka ta ji. Baffanni sun riga sun karɓe goronsu, kuma mutanen nan ba sa tambaya sau biyu.

Bayan kaka aka ɗaura wa Bappayo aure da Jumma, 'yar baffansa. Ladi ma, da ta danne saƙon don ita ma tana son sa, ta tashi a tutar babu, amma wannan bai sanyaya zuciyar Barira ko kaɗan ba.

Al'adar kulob ce, duk ɗan ƙungiyar da ya yi aure, sakatariya ke aika masa murna da sunanta. Ta so ta zille, Ladi ta tuna mata doka.

Barira na tankaɗe a tsakar gida muryar mai karanta gaisuwa ta fito daga rediyo, tar da ita.

"Barira Inuwa tana gaida Bappayo na Gabukka..."

Rariya ta tsaya a hannunta. A numfashi ɗaya, kamar da.

"...da amaryarsa Jumma, Allah ya ba da zaman lafiya."