Haƙori a Cikin Safa

Baban Auta direba ne. Bayan wani hatsarin mota da ya yi, kotu ta tura shi gidan yari. Duk Asabar Mama takan kai Auta ta gan shi, kuma ba ranar da Auta take ɗoki kamar wannan.

A ƙofar ɗakin ziyara akwai wani dogon tebur. A nan ake ajiye waya da jaka, a nuna wa gandiroba duk abin da aka zo da shi. Ba a miƙa wa ɗan kurkuku komai hannu da hannu. Wanda ya karya dokar, sai a hana shi ziyara wata guda. Mama ta faɗa wa Auta haka har bakinta ya gaji.

Ana nan sai Auta ta fara famfara. Haƙorinta na gaba ya daɗe yana girgiɗi, Baba kuma kullum sai ya tambayi labarinsa. Da ya fita, ta ce Baba ne zai ajiye shi. Amma tana tsoron gandiroba ya jefa shi a kwandon shara. Sai ta naɗe shi a takardar alawa, ta cusa a safa. Ko Mama ba ta sani ba. Su Auta manya, wai ita wayo.

Suka wuce teburin lafiya lau. Aka fito da Baba. Bai gama gaisawa da Mama ba, Auta ta zaro ƙullin, ta danƙa masa a hannu.

"Tsaya," in ji gandiroba. "Mene ne wannan?"

Ya warware takardar, ya ga ɗan haƙori. Bai yi dariya ba. Aka caje Baba a gaban kowa, aka mayar da shi ciki. Auta ta fashe da kuka.

Mama ta yi ta ba shugaban gandirobobi haƙuri. Ya ce a irin wannan ƙulli ake shigo da ƙwaya da reza, shi ya sa ake duba komai. Sannan ya dubi Auta.

"'Yata, da a tebur kika ɗora shi, da an duba an nuna masa. Ɓoyewar ce laifi."

Ya ce doka ba ta canzawa, sai bayan wata guda.

Mama ba ta dake ta ba. Ta dai gaya mata cewa duk Asabar za a kira masu baƙi, Baba yana zaune ba wanda ya zo masa. Wannan magana ta fi bulala yi wa Auta zafi.

Ranar da suka koma, tun kafin a tambaye ta Auta ta cire takalmi da safa, ta zazzage aljihunta a tebur. Gandiroba ya ce haka ake so.

Baba ya ce an ajiye haƙorin cikin kayansa, sai ya fito. Sai ya ce ta buɗe baki. Sabon haƙori har ya leƙo.

"Ayya, giɓin na so gani," in ji Baba. "Ga shi ya fara cikewa."

"Akwai wani yana girgiɗi, Baba. Wannan za ka gani."

Baba ya yi dariya sosai. Daga ranar Auta ta gane cewa idan wuri yana da doka, tambaya ake yi, ba ɓoyewa ba. Ba ta sake rasa Asabar ko ɗaya ba.