Jujin da Injiniya Ya Share da Magariba

Ana kiran magariba aka bugo wa Injiniya waya daga ofis: babbar kwamfutar kamfani ta cika, ba ta karɓar komai. Daga falo ya buɗe tasa ya shiga cikinta, ya ga abin da ya cinye wurin. Duk sa'ad da na'urar ta sume, takan zubar da abin da ke kanta cikin wani fayil kafin ta farfaɗo. Shekara tara fayilolin suna taruwa kamar juji, ba wanda ya taɓa leƙa su.

"Ba a shara da magariba," in ji matarsa, tana wucewa da buta.

"Wannan ba ta tsintsiya ba ce."

Ya goge su duka, ko bisimilla bai yi ba.

Kafin a idar da salla tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Aka duba, ba kowa. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyu, ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana kallon takalmanta kamar na baƙo.

Washegari ta manta hanyar makaranta. Kashegarinsa ta kakare a tsakiyar Fatiha. Rana ta uku ta tambayi yayarta, "Mene ne sunanki?" Aka ɗauko Malam.

Tsoho ne, ba ya ɗaga murya. Ya zauna ya yi karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Sannan bakin yarinyar ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito.

"Juji na samu, ba mai zuwa, na zauna da iyalina. Ubanta ya rushe shi ko sallama babu."

"Me kake yi a jikin yarinya?"

"Wuri nake nema. Kanta cike yake, ina rage kaya. Aikinsa na koya."

Malam ya dubi Injiniya. "Kana da inda za ka sauke shi?"

Injiniya ya ɗauko wani tsohon faifan ajiya na kwamfuta daga durowa. Aljanin ya ce ya yi ƙanƙanta. Malam ya ɗora karatu, sai aljanin ya ce ya isa. Sharaɗinsa ɗaya: kada a buɗe, kada a goge.

"To ka mayar mata da abin da ka ɗebe," in ji Injiniya.

"Kai ka mayar min da nawa? Na yau ma na riga na cire."

Auta ta yi atishawa uku, tsakuwa ta ɗauke. Ta kira uwarta, ta nemi ruwa. Da ta sha, ta gyara mayafi, ta durƙusa ta gaida Malam. Ta juya ga Injiniya ta gaishe shi da ladabi iri ɗaya, sannan ta raɗa wa uwarta:

"Mama, shi wannan tare suka zo?"