Azarar da Gara Ta Ci

Ranar Talata ce, cikin Agusta, ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba. Da hantsi rufin soron Kailani ya rufto, ya danne gadon ƙarfe da jeren tasoshin amaryarsa Atika. Allah ya sa tana madafa.

Kailani ma'aikacin reluwe ne. Da rani ya sayi gidan a Tudun Wada, hannun wani dillali, yaɓe sabo, an shafe ko'ina da farar ƙasa. Ita kuwa Atika 'yar magini ce, Malam Salmanu na Gyallesu. Kwananta bakwai da tarewa ta miƙa muciya ta ƙwanƙwasa azarar ɗakin, ta saurara.

"Malam, itacen nan ba komai cikinsa. A kira Baba ya duba kafin damina."

"In je in gaya wa surukina an cuce ni? Ki ji da tukunyarki. Kada kuma in ji maganar a bakin kowa!"

Ba ta ƙara tayar da ita ba.

Kafin azahar labarin rushewar ya kai cikin birni. Sai ga uwar Kailani, Inna Kulu, jiƙe sharkaf, ko sallama babu.

"Na faɗa! Farar ƙafa ce yarinyar nan! Wata biyar da shigowarta gida ya zube. Yau ɗaki, gobe aikinka, jibi kai kanka. Rubuta mata takardarta ina tsaye!"

Atika ta durƙusa cikin taɓo, hawaye na zuba. Kalma ɗaya za ta wanke ta. Ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai.

"Allah ya ba ki haƙuri, Inna."

Kailani yana sonta, yana kuma jin nauyin a san shi ya yi wautar. Can ya shiga ɓaraguzan, ya zaro guntun azara, ya matse a tafin hannu. Ta zube kamar gari.

"Inna, garar nan ta girmi aurenmu. Atika ce ta fara ganewa, ta gaya mini, na ce ta yi shiru."

Tsohuwa ta murza garin da yatsa, ta juya wajen Atika.

"Ke kuma 'yar nan, ana shirin korarki, bakin naki ɗinke shi aka yi?"

"Asirin mijina ne, Inna."

Inna Kulu ta harari ɗanta. "Ji sakarai! Wa ke sayen soro da rani bai ga yadda yake shan ruwa ba? Tashi, 'yata, sanyi zai kama ki."

Ɓarnar da girman kan miji ya jawo ba a ɗora wa ƙafar mace. Wadda kuwa ta rufa asiri da haƙuri, Allah ba ya barin ta ta tozarta.

Washegari da sassafe Kailani ya ɗauki guntun azarar, ya taka har Gyallesu, ya cire takalmi a ƙofar zauren Malam Salmanu, ya tsugunna ya yi sallama.