Fuskar da Aka Goge

Ana shirin kiran azahar aka bugo waya komisariyar 'yan sanda ta Dogon Dutsi cewa an tsinci gawar Félix mai hoto a shagonsa. Matarsa Pascaline ce ta kai masa abinci ta tarar da shi.

Insifekta Mas'uda ta iso da 'yan sanda biyu. Félix yana kwance a gaban farin ƙyallen da yake tsayar da mutane, ƙeyarsa a kan dakalin siminti, fitilar ɗaukar hoto ta faɗi gefensa. Kyamara tana kan tebur, ba wanda ya taɓa ta. Bango cike yake da fuskokin samari da 'yan mata masu neman shiga fim ko ƙungiyar rawa a Yamai.

A hannunsa na dama akwai yagaggen hoto: kunne, kunci sumul, da wuyan shuɗiyar riga.

"Madam, wa yake jira yau?"

Pascaline ta share ido da bakin zane. "Fadila, mai rawa. Ya ce suna da randebu da safe, zai ɗauke ta hoto."

An samu Fadila a gidan ƙanwar mahaifiyarta tana guga.

"Ban je ba, Insifekta. Ciwon kai ya hana ni."

Mas'uda ta kunna kyamarar ta juya mata. Hoton ƙarshe nata ne, tana murmushi, da kwanan wata na yau a ƙasa.

Fadila ta ajiye dutsen gugar. "Na ji tsoro ne. Mako mai zuwa za a zaɓi 'yan rawa, in sunana ya shiga maganar kisa shi ke nan."

"Mi kika gani?"

"Wani ya shigo, ya rufe fuska da rawani. Félix ya yi murna, ya ce, 'Kamal, har ka dawo? Sun ɗauke ka?' Mutumin bai amsa ba. Sai Félix ya ce in tahi, in dawo gobe."

Da suka koma shagon, Pascaline ta buɗe musu kwamfutar mijinta. Hotunan Kamal biyu ne, riga ɗaya, zama ɗaya. A na farko, tsagen Arawa ya ratsa kumatunsa daga gefen baki zuwa kunne. A na biyu babu ko alamarsa.

"Abokinsa ne tun suna yara 'yan lakwal, ajinsu ɗaya," in ji Pascaline. "Ɗan garin Gecheme ne. Shekaru yana wasan kwaikwayo a dandali, kowa ya san ya iya, amma ko ya aika hoto ba a kiransa. Félix ya ce tsagen ne ke hana su. Ya ce in dai suka kira shi suka ga wasansa, za su manta da fuska."

"Kamal ya san an goge?"

Ta girgiza kai. "Félix da kansa ya aika wa masu zaɓen 'yan fim a Yamai ta waya, sai suka ce Kamal ya je. Ya sa na Kamal a ambulan ya manne, ya ce kar ya buɗe sai an kira shi ciki, don kada ya yi datti."

Washegari da hantsi Mas'uda ta isa Gecheme tare da jandarma ɗaya. Kamal yana zaune a gindin rumbun hatsi, mahaifiyarsa Habsatu tana sussuka nesa kaɗan.

"Yaushe ka baro Yamai?"

"Jiya. Kai tsaye na zo gida, ban tsaya Dutsi ba."

"Ina hoton da Félix ya ba ka?"

"Na baro shi can."

Jandarman ya ɗauko shuɗiyar rigar da ke rataye a jikin dangar kara ya laluba aljihu. Ragowar hoton tana ciki. Mas'uda ta haɗa ta da guntun da ta zo da shi, suka zauna daidai.

Kamal ya daɗe yana kallon fuskar.

"Mu talatin ne a layi," ya ce a hankali. "Da aka kira ni, mai zaɓen ya dubi wayarsa ya dube ni. Ya ce, 'Ina mai hoton? Ƙanenka ne?' Aka yi dariya. Ya ce na yi musu zamba. Ko baki ba su bari na buɗe ba, Insifekta. Wata biyu ina haddar maganar da zan yi."

"Sai ka zo wurin Félix."

"Na ce masa, wannan tsagen, babana ne ya riƙe ni aka yi mini, shi kaɗai ya bar mini. Ya ce don alherina ya yi. Ya kama hoton, na fizge, ya yage. Ya matso zai dafa kafaɗata, na ture shi. Na ga ya faɗi, na fita. Kunya ce ta hana ni cewa na je. Ku kai ni wurinsa in ba shi haƙuri, in ya so ya yi ƙarata."

Mas'uda ta dubi jandarman, jandarman ya dubi ƙasa.

"Félix ya rasu, Kamal. Tun kafin matarsa ta iso."

Bai yi kuka ba. Can ya miƙa hannayensa biyu da kansa, aka sa ankwa.

Habsatu ta yar da taɓarya ta taso. "Ɗiyata, ina za ku kai shi? Félix ɗin da ke kawo mini magani duk ranar kasuwa, shi ne kuke magana?"

"Shi ne, Inna."

Tsohuwar ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Suna kaiwa bakin mota Kamal ya tsaya. "Yaushe za a binne shi?"

"Gobe, bayan addu'a a coci."

"Wa zai ɗauki akwatin? Ba shi da ɗan'uwa namiji. Ni ne na tsaya masa ranar aurensa."

Mas'uda ta buɗe masa ƙofa, ta dafa kansa don kada ya bugu, ya shiga.