Rilif ɗin Malam Ikrima

Ranar da Tahira ta fara ganin Malam Ikrima, zaune yake a gindin darbejiyar makaranta, ya tasa takardun gwajin 'yan aji biyar a gaba, ya dafe kai kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.

Makonta biyu ke nan da fara koyar da Turanci a sakandaren garinsu, Tudun Ɓaure, can gaba da Minjibir. Shi kuwa mutumin Shanono ne, labarin ƙasa aka turo shi koyarwa. Ta yi sallama za ta wuce, ya amsa, ya ɗago kai.

"Malama, ke ce ta Turanci? Don Allah zo ki ga abin da yaranki suka yi mini."

"Au, in sun faɗi nawa ne, in sun ci naka?"

Ya yi murmushi, ya miƙa mata takarda ɗaya. Tambayar cewa ta yi a bayyana relief na garinsu. Shi hawa da saukar ƙasa yake nufi: ina tudu, ina kwari. Mai takardar, wata yarinya Aina'u, ta rubuta da Turancinta mai kyau cewa bara ruwan sama ya rushe gidaje, an kai wa ƙauyukan maƙwabta shinkafa da tabarmi da siminti, su ba a kawo musu komai ba, don haka garinsu ba shi da rilif.

"Su talatin da ɗaya, duk haka suka rubuta," in ji shi.

Tahira ta kai mayafi bakinta, amma dariyar ta riga ta fita.

"Yaran nan ba ƙarya suka yi ba, Malam. Rilif ɗaya suka sani, wanda ake saukewa daga mota."

"Sau uku na rubuta musu ma'anar a allo."

"Suka kwafa."

"Suka kwafa mana."

"Ka taɓa tambayar su da Hausa me suka kwafa?"

Ya girgiza kai, ya ce bai taɓa ba. Ta lura mutum ne da ba ya jin kunyar amsa kuskurensa, abin ya burge ta.

"Kalmar nan ma'ana uku gare ta," ta ce. "Akwai ta kayan agaji, akwai taka ta tudu da kwari."

"Ta ukun fa?"

"Sai ranar da ka buƙace ta."

Ta wuce. Sai da ta kai ƙofar ofishin malamai ta waiwaya, ta tarar har yanzu ita yake kallo, takardar na hannunsa a juye.

Daga wannan makon suka haɗa aiki. Suka samo tsofaffin kalandu, suka juya bayansu suka liƙa a bangon aji. Duk kalmar da za ta shigo darasi sai an ba ta gida uku: yadda take da Turanci, yadda take da Hausa, da inda take a Tudun Ɓaure. Zaizayar ƙasa ta daina zama abin haddacewa, ta koma kwazazzabon nan na bayan maƙabarta da kowa ke tsallakewa. Ranar Laraba Tahira kan shigo ajinsa ta koya musu ɗinka jimla: abin da ya faru, dalilinsa, sannan abin da ya haifar. Shi yakan koma bencin baya ya zauna, wai yana duba littattafai.

Wata rana da la'asar wayarta ta yi ƙara, saƙo ne daga Malam Ikrima.

"Malama Ƙamus, yau Aina'u ta yi mini bayanin zaizaya da Turanci, ko littafi ba ta kalla ba. Na rasa wa zan gaya wa sai ke."

Ta rubuta, "Malam Taswira, ka gaya wa shugaban makaranta mana."

"Shi ba ya murmushi irin naki."

Ta yi ta maimaita karanta saƙon. Innarta dai ta tambaye ta me ake faɗa a wayar da har miya take ƙonewa.

Bayan wata guda ya sake rubutowa.

"Kin san kalmar da na fi so a duk bangon nan? Fadama. Ko'ina ya bushe, ita tana nan kore shar. Haka kike a cikin makona. In kin yarda, Fadamata, zan turo kawuna."

Ta karanta sau huɗu kafin ta rubuta, "Ka turo. Amma ka gyara rubutunka na allo, ba zan auri mai karkataccen layi ba."

A wannan lokacin ne ya ba yaran babban aiki. Kowa ya je wajen dattawan unguwarsu ya tambayo sunan kowane yanki na ƙasar garin, ya kuma rubuta sunan wanda ya faɗa masa, don a zana taswira.

"Kada ka bari su rubuta kalmar nan ta rilif a saman takardar," Tahira ta ce masa.

"Haba, ai yanzu sun gane ta."

"Su sun gane. Iyayensu fa?"

Ya ce zai gaya musu, sannan ya manta.

Mahaifin Tahira, Malam Mati, manomi ne da ya san ƙasar garin gona-gona, kuma ɗakinsa na cikin waɗanda ruwan bara ya kayar. Aina'u ce ta je wajensa. Ya zauna ya zayyana mata inda jigawa ta ƙare, inda laka ta fara, inda fadama ta kwanta. Da ta gama ya nuna saman takardar.

"Wannan kuma me aka rubuta?"

"Rilif ne, Baba, amma irin na..."

"Alhamdu lillahi! To rubuta sunana da kyau. Mati, ba Mato ba."

Kafin magariba labari ya zaga gari cewa malamin nan na Shanono yana ɗaukar sunayen waɗanda za a raba wa kayan agaji.

Wata biyu suka wuce, ko tabarma ba a gani ba. Akwai wani Jamil mai sayar da taki da maganin feshi a kasuwar Minjibir, wanda ya daɗe yana aiko wa Tahira gaisuwa tana mayar masa da godiya kawai. Shi ya fara cewa a majalisa ya ga malamin da takardun sunaye a tashar motar Kano. Bayan kwana biyu maganar ta zama an ga buhuna.

Da kawun Ikrima, Alhaji Hashimu, ya zo neman iznin, Malam Mati ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi fura, ya ce a dakata tukuna. Bayan baƙon ya tafi ya kira 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunanta.

"Uwata, da bakina na ba ɗalibar yaron nan sunana. Mu saba'in da wani abu. Ban ce ya ci ba, amma ban ga komai ba. Wanda ban gane yadda ya yi da sunana ba, ba zan ba shi 'yata ba."

"Baba, kalmar ce take da ma'ana fiye da ɗaya."

"To! Sai da abu ya lalace za a ce ma'ana biyu? Kada ki juya mini Turanci a cikin gidana."

Ta sunkuyar da kai. Ta san Babanta ba ya ɗaga murya, kuma ba ya janye magana sai ya ga dalili da idonsa.

Washegari Ikrima bai zo makaranta ba. Wayarsa a kashe. Kwana na biyu ma haka. Jamil ya ce ai dama ya faɗa, mutum ya gudu. Tahira ta shiga aji ta koyar, ta fito, ta ƙi kallon gindin darbejiya. Da ta koma gida ta rubuta masa:

"Na ce maka kada a rubuta kalmar. Yanzu kuma ka tafi ka bar ni da bakin mutane. Na gode."

Sai rana ta uku da hantsi amsa ta shigo.

"Laifina ne, Fadamata, tun daga farko. Na ɗauki izni na zo Kano wajen masu buga manyan takardu, wayata ta faɗi a mota ta fashe, yau na karɓo ta daga gyara. Ban gudu ba. Ina zan je in bar fadama? Na roƙi mai unguwa a yi shela: duk wanda ya ba da sunansa ya zo makaranta ranar Asabar ya ga inda sunan ya tafi. Ki roƙar mini Baba."

Ta share ido, ta rubuta, "Wannan shelar ma za su ji ta a karkace."

Haka kuwa aka yi. Ranar Asabar dattawa suka cika filin makaranta, da yawa da buhu a naɗe a hammata. Wani tsoho mai barkwanci, Ɗanliti, har da baro ya turo. Malam Mati ya zo hannu wofi, ya zauna a gaba, ya ɗora sandarsa a cinya. Tahira na can gefe cikin malamai mata.

Ikrima ya fito ya durƙusa.

"Iyayena, ku yafe mini. Babu shinkafa, ba a taɓa cewa za a kawo ba. An gargaɗe ni a kan kalma ɗaya, na yi sakaci. Ga abin da na yi da sunayenku."

Yara suka warware takarda mai faɗin tabarma, suka rataye ta a bango. Tudun Ɓaure ce gaba ɗayanta, kowane yanki da sunansa, a ƙarƙashin kowane suna kuma sunan dattijon da ya faɗa.

Aka yi gunaguni. Aina'u ta miƙe. Ta ce Turawa na kiran kayan agaji rilif, suna kuma kiran yadda ƙasa ke hawa da sauka rilif. Ta bi taswirar da kara: ga tudun da garin ya samo suna, ga gangaren, ga tsohuwar hanyar da ruwa ke bi zuwa fadama, ga inda shara da sabbin katangu suka toshe ta. Saboda an toshe, ruwan bara ya juya ya shiga unguwar gabas. Sannan ta maimaita duka da Turanci, jimla bayan jimla, ba ta yi tuntuɓe ba.

Malam Mati ya miƙe a hankali. Shekara shida yana faɗar wannan maganar ta hanyar ruwa, ana cewa tsufa ne. Ya matsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora kan sandarsa a wani wuri.

"Wa ya ce nan fako ne?"

"Ni ne," in ji Ɗanliti.

"Kai da ba ka taɓa wuce bakin kasuwa ba? Jigawa ce aka gajiyar da ita. Kakana gero ya noma a nan."

Ikrima ya ciro biro ya soke, ya gyara a gaban kowa, ya rubuta Mati a ƙasa. Sannan ya buɗe littafin darasi ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, duba nan, tsakiyar Turancin."

Malam Mati ya yi yaƙi da jahilci da girmansa, yana haɗa baƙi in an ba shi lokaci. Ya bi da yatsa.

"Fa... da... ma. Kai! Wannan ai tamu ce."

"Taku ce. Masu littafin ba su da wadda ta kai ta, sai suka ara."

Daga baya Jamil ya ɗaga murya, "To shinkafar fa?"

Ɗanliti ya juya ya tura masa baron. "Kai ka ga buhuna, ɗana. Ungo, je ka ɗauko mana."

Fili ya kaure da dariya. Kafin a watse an sa ranar gayya don buɗe hanyar ruwa. Malam Mati ya zo wucewa ta gaban Ikrima, bai tsaya ba, ya dai ce,

"Sunana ka rubuta shi daidai. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Damina ta zo da ƙarfinta, ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa ya sauka fadama, ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba. A gwajin ƙarshen shekara aka sake yi wa yaran tambayar nan, babu wanda ya ambaci tabarma.

Bayan an kai amfanin gona gida, ranar wata Juma'a, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Mati. Tahira na ɗaki cikin ƙawaye, lalle ya kama hannu ya yi jawur, ta ji maroƙi ya ɗaga murya, mata suka ɗauki guɗa. Innarta ta shigo ta dafa kanta.

"Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya sa gidanku ya zama inuwa ga na kusa da na nesa."

Ɗaki ya amsa da amin. Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin mayafi.

"Fadamata, an ɗaura. Baba ya riƙe hannuna ya sa mana albarka. Ji nake kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, sai ajiyar zuciya nake. Na rasa sunan wannan abin."

Ta yi murmushi, ta rubuta a hankali don kada lallen ya ɓata gilashin.

"Rilif ke nan, angona. Ma'ana ta uku."