Dutsen Kan Kabarin Bardur

Idan sanyi ya kama, rana takan yi watanni ba ta leƙo Skuggavik ba. Duwatsu sun tsare garin ta baya, teku ta tsare shi ta gaba. Da tsakar rana akan sami ɗan haske mai ruwan toka, daga nan sai magariba ta zauna ta ƙi tashi.

A irin wannan magaribar Oddny ta dawo daga kamfanin kifi ta ɗora dankali a wuta. 'Yarta Unnur tana karatu a tebur. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon gidan, ƙwam, ya gangara a hankali. Aka ɗan jima, wani ya biyo. Oddny ta leƙa waje. Tsakuwa ce baƙa, kuma babu sawun kowa a kan ƙanƙara.

Ba ta ji tsoro ba. Tun bara da dusar ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta binne layi guda, har da mijinta Bardur, ba ta ƙara jin komai ba. Ko hawaye ba ta yi ba. Aiki take zuwa, ta dawo, ta ci, ta kwanta.

Bayan abin ne aka turo ma'aikata daga birni su gina katangar ƙasa a saman gari don tare ƙanƙarar. Akwai wani ƙaton dutse a hanyarsu. Kowa a Skuggavik zai rantse maka bai yarda da aljanu ba, amma a nemi wanda zai taɓa dutsen nan a gani. Baƙin ba ruwansu, suka fasa shi. Oddny ta ga wani ɓari shimfiɗaɗɗe mai santsi, ta sa aka sassaƙa sunan Bardur a jikinsa, aka kafa a kabarinsa.

Jifan bai tsaya ba. Sannan Unnur ta daina cin abinci. Magariba na yi sai ta tsuguna a bakin ƙofa tana shafa dandamali, tana gunaguni cikin muryar tsohuwa. Likita ya ba da magani, yarinya sai ƙara ramewa take yi. Oddny ta duba ta ga ita kaɗai ta rage mata, ta je ta kira Baba Torfi, tsohon limamin cocin garin, wanda ya karance tsofaffin littattafai har ya san yadda ake magana da mutanen ɓoye.

Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da yarinyar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Wa muke tare da shi?"

"Maƙwabciyarku," in ji muryar. "Ina nan tun kakanninku ba su ja jirgin farko zuwa gaɓar nan ba. Kai ma na san ka, Torfi, tun kana fitsarin kwance."

"To, an gaisa. Yarinyar nan me ta yi miki?"

"Ba komai. Sun rusa min gida, na yi shiru. Amma dutsen bakin ƙofata? A kansa na zaunar da 'ya'yana duka. Uwarta ta ɗauke ta kai maƙabarta."

Torfi ya juya. "Oddny, kin ji."

"Sunansa na jiki," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. "Ba a same shi da fuska ba, Baba. Sunan kawai nake da shi."



"Ni ma ƙanƙarar ta ɗauke min ɗa," in ji muryar, a hankali yanzu. "Ku wa ya zo min gaisuwa? Ki zaɓa, dutse ko yarinya."

"Za a mayar," in ji Torfi. "Amma ba za a goge sunan ba. Kuma yau za ki fita, ba gobe ba."

"A bar shi," in ji muryar. "Zan riƙa share masa ƙanƙara."

Unnur ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce yunwa take ji.

Washegari maƙwabta suka ciro dutsen suka ja shi har saman katanga, ba wanda ya tambayi dalili. Kabarin Bardur ya koma tudun ƙanƙara kawai. Oddny ta dube shi, ta wuce wurin aiki.

Ranar da rana ke dawowa, kowane gida yakan soya fanke a sha da gahawa. Oddny na gaban kasko, Unnur na jikin taga, kumatunta sun fara cikowa. Haske ya tsallako kan dutse yana saukowa sannu, gari bai samu ba tukuna.

"Inna, zo ki gani. Rana ta fara isa kan dutsen Babana."

Oddny ta zo. Can sama, komai fari fat, sai dutsen nan kaɗai baƙi, an share shi tas, rana na kansa. Ta dafa taga. Fanken ya ƙone, hayaƙi ya cika ɗaki, Unnur ce ta sauke kaskon, don uwarta ta durƙushe tana kiran sunan Bardur.